Garaɓasar Intanet Da Ƙaramin Ɗan Kasuwar Daura: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Duk wanda ke riƙe da wayar salula a 'yan shekarun nan ya san yadda kalmar garaɓasa ta zama ruwan dare a WhatsApp da Facebook da TikTok. Yau mai gidan abinci ce ke shelar rabin kuɗi ga mutum hamsin na farko, gobe mai shagon atamfa ne ya ba wani matashi mai dubban mabiya wata lamba, wai duk wanda ya zo da ita za a yi masa ragi, shi kuma matashin a yanka masa kamasho. Wannan salo bai tsaya a Kano ko Kaduna ba. Duk inda waya ta kai shi ma ya kai, har da Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure. Abin da ya sa batun ya cancanci a zauna a duba shi da idon basira shi ne irin jarin da ake jefawa cikinsa: kuɗin sallamar ma'aikacin da ya yi ritaya, da adashen matar aure, da bashin da matashi ya karɓo daga dangi don ya buɗe ɗan shago. Irin wannan kuɗi idan ya nutse, da wuya a sake haɗa shi.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: shin sayar da takardar rangwame ta yini ɗaya, ko abin da ya yi kama da ita, yana kawo wa ƙaramin ɗan kasuwa riba? Kafin a amsa, ya kyautu mai karatu ya san inda dabarar ta samo asali, domin an riga an gwada ta a wasu ƙasashe, an kuma ga yadda ta kaya.

Asalin dabarar

A watan Nuwamba na shekarar 2008 ne wani matashi mai suna Andrew Mason ya ƙaddamar da kamfanin Groupon a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Tsarin mai sauƙi ne. A wancan lokaci, kowace safiya kamfanin kan aika wa mutanen birni saƙo guda ta intanet, yana tallata garaɓasar wani ƙaramin shago ko gidan abinci, galibi a kan rabin kuɗi, kuma sai a wannan yini za a iya sayen takardar. Mai saye ya biya Groupon, ya karɓi takarda, daga baya ya kai wa mai shago a ba shi kaya. A tsarin da aka fi sani a wancan lokaci, kamfanin kan riƙe rabin abin da aka biya a matsayin la'adarsa, ya miƙa wa mai shago sauran rabin, shi ma kashi-kashi cikin kwana 60. Ke nan kayan da kuɗinsu yake 100, an sayar a 50, mai shago ya tashi da 25.

Alƙawarin da aka yi wa masu shaguna shi ne cewa wannan asara ta yini ɗaya ce, domin baƙin da garaɓasa ta jawo za su ɗanɗana, su ji daɗi, su dawo su saya a cikakken farashi. Duniya ta yi na'am da wannan zance. A ƙarshen 2010 kamfanin Google ya taya Groupon a kan kimanin dala biliyan 6, masu shi suka ce albarka. A watan Nuwamba na 2011 aka fara sayar da hannun jarinsa a kan dala 20, amma bayan shekara guda farashin ya faɗo ƙasa da dala 3, kuma a watan Fabrairu na 2013 aka sallami Mason kansa daga shugabancin kamfanin. Groupon na nan har yau, sai dai ya yi nisa da matsayin da aka yi masa hasashe.

A nan gida ma an gwada. A shekarar 2011 Sim Shagaya, wanda daga baya ya kafa Konga, ya buɗe DealDey a Legas a kan wannan tsari. A 2016 kamfanin Ringier na ƙasar Suwizalan da abokan haɗin gwiwarsa suka saye shi, zuwa ƙarshen 2018 kuma aka rufe shi. A Afirka ta Kudu, Groupon ya nannaɗe tabarmarsa a 2016. Idan dabara ta kasa tsayuwa a Legas, birnin da ya fi kowane yawan masu saye da masu intanet a ƙasar nan, to ya kamata ɗan kasuwar Daura ya tsaya ya yi tunani kafin ya ari rigarta.

Abin da bincike ya nuna

Wani malami a Jami'ar Rice da ke jihar Teksas, Utpal Dholakia, ya bi diddigin masu shagunan da suka shiga wannan harka. A bincikensa na 2010 ya tambayi 'yan kasuwa 150: kashi 66 cikin 100 suka ce sun ci riba, kashi 32 suka ce sun faɗi, fiye da kashi 40 kuma suka ce ba za su ƙara ba. A 2011 ya faɗaɗa binciken zuwa 'yan kasuwa 324. A wannan karon kimanin kashi 55 ne suka ci riba, kusan kashi 27 suka yi asara, sauran suka tashi ba riba ba faɗuwa.

Adalci shi ne a yarda cewa mafi yawansu ba su faɗi ba. Amma akwai wasu alƙaluma a cikin binciken na biyu da suka fi waɗannan muhimmanci. Kusan kashi 80 na masu zuwa da takarda baƙi ne ga shagon, wato talla ta yi aikinta na jawo mutane. Sai dai kimanin kashi 36 kaɗai ne suka sayi wani abu sama da abin da takardar ta ƙunsa, kuma kimanin kashi 20 kaɗai, mutum ɗaya cikin biyar, suka dawo suka saya a cikakken farashi. Bugu da ƙari, fiye da kashi 20 na waɗanda suka sayi takardar ba su taɓa zuwa karɓar kayan ba, kuma kuɗin da suka bari na cikin abin da ya rufa wa masu shaguna asiri. Gidajen abinci na cikin waɗanda suka fi shan wuya, domin ƙasa da rabinsu ne suka ci riba.

Labarin wani ɗan shagon kek da ke kusa da garin Reading a Ingila ya isa misali. A 2011 mai shagon ta tallata ƙananan kek guda 12 a kan fam 6.50, alhali kuɗinsu fam 26 ne. Mutum 8,500 suka sayi takarda, ya zama dole ta toya kek 102,000, ta ɗauki ma'aikatan wucin gadi, ribar shekarar gaba ɗaya ta tafi. Har ila yau, wasu masana daga Jami'ar Boston da ta Harvard sun gano a 2011 cewa yabon da ake yi wa shaguna a shafin Yelp kan ragu bayan garaɓasa. Wanda araha ta kawo shi ya fi saurin kushe, ga kuma cunkoson da ke sa aiki ya lalace. Garin neman suna sai a zubar da wanda ake da shi.

Mu buga lissafin a Daura

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi, don mai karatu ya ga yadda abin ke aiki. A ce wata baiwar Allah na da gidan abinci a kan hanyar Kongolam, tana sayar da kwanon shinkafa da nama a kan Naira 2,000. A ce shinkafa da mai da nama da kayan miya da itace suna cin Naira 1,300 a kowane kwano, ribarta Naira 700 ke nan kafin ta biya haya da 'yan aiki. Idan ta shiga garaɓasa irin ta Groupon, za a sayar da kwanon a Naira 1,000, mai talla ya ɗauki 500, ita ta karɓi 500. A kowane kwano ta yi asarar Naira 800 daga uwar kuɗi. Idan mutum 200 suka zo, Naira 160,000 ta tafi.

To, yaushe za ta mayar? Idan aka yi sa'a irin ta Amurka, mutum ɗaya cikin biyar ya dawo, mutum 40 ke nan. Kafin ta cike gurbin Naira 160,000 da ribar Naira 700, sai kowane ɗayansu ya dawo sau shida. Wannan kuwa idan dukkan mutum 200 ɗin baƙi ne. Idan 50 daga cikinsu tsofaffin abokan cinikinta ne, waɗanda da ma za su zo su biya Naira 2,000 ba tare da kowa ya kira su ba, to ta ƙara zubar da ribar Naira 35,000 da take hannunta. Ko da ta cire ɗan tsakiya ta yi tallar da kanta, rabin kuɗi na nufin asarar Naira 300 a kowane kwano.

A kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, inda fatake ke haɗuwa daga Nijeriya da Nijar, dillali na da la'adarsa sananniya, kuma kowa ya yarda da ita. Amma babu dillalin da zai sa mai sa ya karya kuɗin sansa gida biyu, sannan ya ce a raba abin da ya rage daidai da shi. Da wani ya faɗi haka a kara, da dariya za a yi masa. Abin mamaki, idan aka naɗe zancen cikin waya da hotuna masu ƙyalli sai ya zama wayewa.

Akwai kuma batun lokaci. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, farashin kaya ya yi ta hawa, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na 2024. Wanda ya sayar da takarda yau a kan alƙawarin ba da kaya nan da wata biyu, ya sayar ne da farashin yau, zai kuma saro kayan da farashin gobe. A yanki irin na Daura, inda rufe iyaka a 2019 da kuma a 2023 ya nuna yadda farashi ke iya juyawa cikin mako guda, wannan kasada ce babba.

Daura ba Shikago ba ce

Dabarar garaɓasa ta dogara ne a kan abu guda: tarin baƙin da ba su san shagonka ba. A birni mai miliyoyin mutane, mai gidan abinci na iya shekara goma mazauna unguwar gaba ba su san da shi ba, saboda haka ko ya yi asara a kan talla, ya sayi sani. A Daura kuwa wa ya ɓace wa wani? Mai sayar da kilishi, da telan da ya iya babbar riga, da mai gyaran waya, duk an san su, an san iyayensu, an san wanda ke da gaskiya da wanda ke da saɓa alƙawari. Labari kan zaga majalisu da gidajen suna kafin ya hau intanet. Mutumin da kowa ya sani, idan ya karya farashi don a san shi, ya biya kuɗin abin da yake da shi kyauta.

Sannan ƙaramin gari ba ya mantuwa da farashi. Wanda ya ci kwano a Naira 1,000 ranar Asabar, idan aka ce masa 2,000 ranar Litinin, sai ya ga kamar an zalunce shi, ya kuma fara zargin cewa da ma ribar da ake ci a kansa ta wuce kima. Maƙwabcin shago ma ba zai zura ido ba, shi ma zai karya nasa, daga nan jama'a su koyi jiran ranar garaɓasa. Abin da ya fi ciwo shi ne halin tsohon abokin ciniki. Mutumin da ya shekara biyar yana saye a wurinka, wanda ka sani a lokacin samu da lokacin rashi, sai ya iske baƙo ya nuna waya an ba shi rabin kuɗi, shi kuwa da bai ga saƙon ba an karɓi nasa cif. Wannan ɓacin rai ba ya fitowa a littafin lissafi, amma yana iya raba mutum da kwastoman da ya fi baƙi ashirin amfani.

Tsakanin rangwame da gyara

A nan harshen Hausa na da abin da zai koya mana, domin kalmomin kasuwa taska ce ta abin da kakanni suka gwada suka gani. Bahaushe ya bambanta rangwame da gyara. Rangwame ragi ne, kalmar da muke amfani da ita ko ga mara lafiya idan ciwo ya sassauta. Yana zuwa ne a cikin ciniki, bayan an taya, an ce albarka, an ƙara, har mai kaya ya ce ya sallama. Mai kaya ne ke yanke shi, yana kallon fuskar mai saye, yana kuma sane da uwar kuɗinsa. Shi ya sa kalmar albarka ke da muhimmanci: hanya ce ta ƙin tayin da zai kai mutum ga asara ba tare da an ɓata zumunci ba. Takardar garaɓasa ta ƙwace wa mai shago wannan kalma. Da zarar an sayar da ita, ko mutum dubu ne suka zo, ba shi da bakin cewa albarka.

Ita kuwa gyara takan zo ne bayan ciniki ya faɗa. Mai tumatir ya ƙara biyu a kan kashi, mai tsire ya ɗora yanka ɗaya, mai awo ya tula kan mudu. A lura da tushen kalmar: daga aikatau gyara take, wato daidaita abu ya yi kyau. Abin da ake gyarawa shi ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Gyara ba ta taɓa farashi, don haka gobe ba a jin an yi tsada. Ana ba da ita da kaya, waɗanda mai shago ya saro a farashin sari, don haka abin da mai saye ya gani ya fi abin da mai shago ya kashe. Kuma mai kaya ne ke zaɓar wanda zai yi wa, sau da yawa wanda ya saba zuwa. Garaɓasar intanet na fifita baƙon da bai taɓa zuwa ba, gyara kuwa na karrama wanda ya dawo. Ba banza ba Bahaushe ya kira mai saye abokin ciniki, ya sa kalmar aboki a gaba.

Inda dabarar za ta iya amfani

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ita ɗungurungum. Akwai sharuɗɗa uku da idan suka haɗu takan biya: a sami baƙi na gaskiya, a sami lokacin da wurin sana'a ke zaune ba aiki, sannan ya kasance ƙarin mutum ɗaya ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sharaɗin farko ya fara samuwa a Daura. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019, da Asibitin Sojojin Sama da aka buɗe a wannan shekarar, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, duk suna kawo ɗalibai da ma'aikata daga nesa. Ɗalibin da ya sauka a farkon zango bai san mai aski ba, bai san mai wanki da guga ba, bai san inda ake buga takardu ba, kuma zai zauna shekara biyu zuwa huɗu ko fiye. Rangwamen da aka yi masa a makon farko na iya dawowa ninki-ninki.

Sharaɗi na biyu da na uku sun fi dacewa da masu sayar da aiki ko wuri, fiye da masu sayar da kaya. Mai masaukin baƙi a Daura ba ya buƙatar talla a lokacin Sallar Gani ko Hawan Magajiya, amma a sauran watanni ɗakuna kan kwana a rufe. A ce kuɗin ɗaki Naira 15,000 ne, kuma wanki da ruwa da man janareta na baƙo ɗaya suna cin Naira 3,000. Idan ya ba da shi a rabin kuɗi da kansa, ya tsira da Naira 4,500 a daren da da ba zai sami komai ba. Idan ya raba da mai talla, Naira 750 ce kawai za ta rage masa. Haka abin yake ga tela a makonnin bayan Sallah, da mai ɗaukar hoto, da mai koyar da kwamfuta wanda ke da kujeru goma amma ɗalibai huɗu. Amma mai sayar da shinkafa da sukari da mai, wanda ribarsa a kan buhu ba ta taka kara ta karya ba, ba shi da abin yi da rabin kuɗi.

Shawara ga mai son gwadawa

Na farko, ya fara sanin abin da kowane kwano ko kowane aiki ke ci masa, kada kuma ya sauko ƙasa da wannan adadi. A misalinmu na baya, ragin kashi 20 zai bar kwano a Naira 1,600, da sauran ribar Naira 300. Na biyu, ya ƙayyade yawan mutanen da zai iya ɗauka, da ranakun da kasuwa ke sanyi, da ranar da garaɓasar za ta ƙare. Na uku, ya biya mai talla kuɗi tsayayye ko la'ada ƙarama a kan wanda ya zo ya saya, kada ya yarda da rabon rabi da rabi. Na huɗu, ya ɗora mafi yawan alherin a kan zuwa na biyu da na uku, domin a nan ne ake gane mai niyyar zama. Na biyar, ya sanar da tsofaffin abokan cinikinsa kafin kowa, ya kuma ware musu nasu kason. Na ƙarshe, ya ajiye littafi ya rubuta waɗanda suka zo da waɗanda suka dawo, bayan wata uku ya zauna ya duba. Cikar shago da mutane ba ita ce riba ba, sai an ƙirga abin da ya rage a aljihu.

Nauyi a nan ya fi hawa kan masu ilimin zamani, domin su ake tambaya. Ƙanwa ce za ta zo ta ce, "Yaya, an ce in yi rabin kuɗi in sa a TikTok, me ka gani?" Abokin aikin da ya yi ritaya ne zai nemi shawara a kan shagon da ya zuba kuɗin sallamarsa a ciki. Kada a amsa musu da cewa haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, domin a can ɗin ma an gwada, kuma ɗaya cikin huɗu ya fito da asara. A ɗauko biro da takarda a buga lissafin tare da su. Idan lissafi ya fita, a gwada kaɗan. Idan bai fita ba, a ce wa mai talla albarka, a koma ga kyakkyawan aiki da cika alƙawari da gyara, waɗanda suka riƙe kasuwannin ƙasar Daura tun kafin a san waya. Allah ya sa albarka a neman kowa, amin.